Ɗan Akwatin Alaba

Ranar Asabar na bar Agege tun da duku-duku,
danfo uku, da gosulon Iyana-Iba
wanda ya cinye mini hantsi ɗungurungum.
Kafin in kai Alaba gumi ya jiƙa ni sharkaf.

Ikenna ya ɗora shi a tafin hannuna,
ɗan akwati baƙi, bai kai sandar sabulu ba.
Ya ce, Alhaji, lasifikarka ba ta da laifi,
amfilifayarka ma garau take,
tafintan da ke tsakaninsu ne rago.
Waƙa a cikin na'ura lissafi ce zalla,
sifili da ɗaya, ɗaya da sifili,
sai an sami mai fassara ta, ta koma iska,
kafin kunne ya san wainar da ake toyawa.

Muka yi ciniki har ya rantse, har na rantse.

Lantana ta juya shi gaba da baya,
ta ce, wannan ne kuɗin buhun shinkafa biyu?
Fitila ɗaya tak gare shi,
ita ma kamar idon ɓera.
Ban tanka ba. Na durƙusa bayan kabad
inda gizo-gizo ya yi shekaru bai biya haya ba,
na zare tsohon tafinta,
na sa jar waya a ramin ja, fara a ramin fari,
na miƙe ina karkaɗe gwiwa.

Sai aka ɗauke wuta.

Janaretan Baba Rasaki ya fara tari,
na gidan baya ya amsa masa,
unguwa ta cika da gurnani da warin fetur.
Na zauna da abin kamar mai jinya.
Sai sha ɗaya da rabi wuta ta dawo,
gurnanin ya mutu ɗaya bayan ɗaya.

Na fara da kiɗan garaya.
Shekara goma ina jin sa a ɗakin nan,
yau ne na ji yatsa na goga tsirkiya,
na ji makaɗin ya ja numfashi
kafin ya saki baiti.
Lantana ta leƙo daga ƙofa, ba ta ce komai ba,
amma ba ta koma ba.

Akwai wani kaset da Inna ta aiko mini daga Gumel
shekarar da na fara ɗinki a Legas.
Wani yaro a Ikeja ya juye mini shi a filashi.
Na haddace shi kamar karatun allo:
gaisuwa, tsadar gero, ka riƙe salla,
kada ka ci bashin Ikko.
A da muryarta kamar daga cikin gwangwani take fitowa.

Yau ta shigo ɗaki ta zauna.

Na ji ƙarar awarwaronta,
na ji akuya can nesa, da taɓarya a gidan Gambo,
na ji tabarma ta motsa.
Sannan, ƙasa da muryarta,
a wurin da na ɗauka shuuu ce kawai ta tsohon kaset,
wani yana raɗa:
Inna, ki ce ya aiko mini da takalmi.

Ilu ne.
Shekararsa tara a lokacin.
Bai ga damina ta gaba ba.

Inna ba ta faɗa ba. Ta ci gaba da zancen gero.
Shekara talatin da ɗaya saƙon na kwance cikin lissafi,
sifili da ɗaya, ɗaya da sifili,
yana jiran tafinta.

Na mayar baya. Na sake mayarwa.
Ɗan idon ɓeran na haske a duhu.
Lantana ta dafa kafaɗata,
ta ce, lamba nawa yake sawa?

Ban sani ba.
Wallahi ban sani ba.